Yadda Liyafar Ofis Ke Cinye Rabon Dangi a Hutun Ƙarshen Shekara

Makonnin ƙarshe na watan Disamba da kwanakin farko na Janairu su ne lokacin da yawancin ƙasashen duniya ke sassauta wa aiki. Makarantu sukan rufe, ofisoshi su rage hidima, tashoshin mota da filayen jirgin sama kuma su cika maƙil da matafiya. Ko mutum yana bikin Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, ko yana jiran 7 ga Janairu kamar yawancin Kiristocin Habasha da Masar da Rasha, ko kuma addininsa bai haɗa shi da bikin ba ko kaɗan, hutun yakan shigo gidansa, domin 'ya'yansa suna gida kuma wurin aikinsa ya yi sanyi. Ga mutane da dama, wannan ne kaɗai lokacin da manya da yara, na kusa da na nesa, ke samun sarari a tare, kuma idan ya wuce sai wata shekarar.

Da na waiwayi hutun da ya gabata, na ga abubuwa uku ne suka yi ta ja-in-ja a kan waɗannan 'yan kwanaki: liyafar wurin aiki, tarukan kiɗa da waƙa, da ziyarar dangi. Na halarci kowannensu, kuma kowanne da irin daɗinsa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka raba lokacin. Liyafar ofis ce ta fara kama gurbinta tun cikin Nuwamba, da rana da sa'a da sunan zaure. Taron kiɗa ya biyo baya, tunda an sayi tikiti kuma ba a mayar da kuɗi. Abin da ya rage bayan nan, guntun yammaci a nan, rabin safiya a can, shi aka yayyanka wa iyaye da kakanni da 'yan'uwa. Na tambayi abokan aiki da maƙwabta, na tarar kusan haka abin ya kasance ga kowa. Ra'ayina shi ne an kifa wannan tsari, kuma babban alhakin kifa shi yana wuyan ma'aikatun da ke ɗaukar lokacin hutun ma'aikacinsu tamkar nasu ne.

Dalilin da ya sa dangi ke zuwa a ƙarshe ba ƙarancin ƙauna ba ne. Gayyatar ofis tana zuwa a rubuce, akwai wanda zai lura idan ba ka je ba, kuma wannan mai lurar shi ne zai sa hannu a takardar ƙarin girmanka. Tikitin kiɗa yana da ranar mutuwa. Uwa kuwa ba ta aiko da takardar gayyata, kaka ba ta riƙe da rajistar waɗanda suka zo. Idan ka ce mata sai mako mai zuwa za ta ce Allah ya kai mu, idan makon ya zo ka sake ɗagawa za ta sake yi maka uzuri kafin ma ka nema. Saboda dangi suna yafewa, su ake tauye wa haƙƙi, kuma da yake ba sa ƙorafi, tauyewar ba ta fitowa fili sai ranar da aka nemi mutum aka rasa.

Liyafar wurin aikinmu an yi ta ne da dare, a wani zaure mai nisa da inda akasarinmu ke zaune. A takardar gayyata an rubuta cewa zuwa ba dole ba ne, amma kowa ya fahimci akasin haka, domin shugaban sashe ya bi tebur tebur yana tambayar wa zai zo. A teburin da na zauna akwai wata abokiyar aiki da ta bar jaririnta wurin maƙwabciya. Wayarta na kife a cinyarta, jim kaɗan sai ta juyo ta ta duba. Da aka fara jawabai ta sunkuya ta tattara jakarta, sai babban manaja ya hango ta ya ce cikin fara'a, "Haba, tun yanzu? Ai ba a ma raba kyaututtuka ba." Ta ce, "A'a yallaɓai, ina nan," ta mayar da jakar ƙarƙashin kujera. Ta ƙara fiye da sa'a guda tana tafi idan ana tafi, tana murmushi idan an ɗaga kyamara. Manajan ba mugu ba ne, kuma na tabbata bai san abin da maganarsa ta jawo ba. Sai dai wasan shugaba ga na ƙasa da shi umarni ne, ko da a bakin teburin cin abinci aka yi shi.

Irin wannan taro yana da waɗanda yake warewa ba tare da an furta ba. Wanda ba ya shan barasa, saboda addini ko lafiya ko ra'ayin kansa, yakan zama baƙo a wurin da aka gina shagalin a kan shaye-shaye. Mai jinyar tsoho a gida, da mai ƙananan yara, da ƙaramin ma'aikacin da kuɗin motar dare da sabuwar sutura za su yi wa albashinsa giɓi, duk suna biyan farashin da manya ba sa ji a jikinsu. Ƙasar Japan ta yi suna wajen liyafar ƙarshen shekara ta ma'aikata, wadda ake kira bonenkai, kuma a can ma an daɗe ana muhawara kan matasan ma'aikatan da ba sa son zuwa, har wasunsu na tambayar ko za a biya su kuɗin ƙarin lokaci. Tambayar tana iya yi wa wasu kama da rashin kunya, amma a ganina tana kan hanya.

Doka ma a wasu ƙasashe ta riga ta amsa ta. A Birtaniya, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a shekarar 2018 cewa wani kamfani ne ke da alhakin raunin ƙwaƙwalwa da wani ma'aikaci ya samu, bayan da shugaban kamfanin ya naushe shi a zaman shaye-shayen da ya biyo bayan liyafar Kirsimeti ta ma'aikata. Hujjar kotun ita ce mutumin yana nuna ikonsa ne na shugaba a lokacin da ya aikata abin, ko da yake ba a ofis ake ba kuma dare ya raba. Daga 26 ga Oktoban 2024 kuma, dokar ƙasar ta ɗora wa ma'aikatu nauyin ɗaukar matakan da suka dace don hana cin zarafin ma'aikata ta hanyar lalata, kuma tarukan da ma'aikata ke shirya wa mutanenta suna cikin abin da nauyin ya shafa. Hukumar harajin ƙasar ma ta san da zaman liyafar, tunda ta yafe haraji a kan abin da kamfani ya kashe wa kowane mahalarci muddin bai wuce fam 150 a shekara ba. Idan kotu da majalisa da masu karɓar haraji duk sun ɗauki liyafar a matsayin wani reshe na aiki, to ban ga dalilin da zai sa a ci gaba da cire ta daga lokacin hutun ma'aikaci ba. Abin da yake na aiki, a yi shi a sa'o'in aiki: a rufe ofis da rana, a ci abinci tare, a gode wa waɗanda suka yi ƙoƙari, kowa ya kama hanyar gida kafin duhu.

Akwai masu kare liyafar dare, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa mutum yakan shafe mafi yawan sa'o'in farkawarsa tare da abokan aiki, saboda haka su ma wani nau'in dangi ne. Suna cewa tun da aiki daga gida ya yawaita bayan annobar korona, akwai ma'aikatan da ba su taɓa haɗa ido da juna ba sai ta allon kwamfuta. Suna kuma tunatar da mu baƙon da ya zo aiki daga wata ƙasa, ba shi da kowa a garin, wanda wataƙila wannan ce kaɗai gayyatar da zai samu a duk tsawon hutun. Na yarda da wannan duka, musamman na ƙarshen. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu da liyafar rana ba za ta biya ba, kuma baƙon nan zai fi amfana idan wani abokin aiki ya kai shi gidansa ya zauna cikin iyalinsa, fiye da ya tsaya riƙe da kofi a zauren da kiɗa ya hana mutane jin maganar juna. Waɗanda ke son su zarce da shagali bayan an tashi, babu mai hana su, illa dai kada a auna biyayyar ma'aikaci da yawan daren da ya raba.

Shekarar 2020 ta nuna wa duniya wanne ne ya fi nauyi a zukatan jama'a. Ranar 19 ga Disamba na wannan shekara, Firayim Ministan Birtaniya Boris Johnson ya sanar da tsauraran matakan da suka hana miliyoyin mazauna Landan da kudu maso gabashin Ingila haɗuwa da danginsu a ranar Kirsimeti. Mutane suka soke tafiya, tsofaffi suka yi bikin su kaɗai, wasu suka gaisa da iyayensu ta tagar gidajen kula da tsofaffi. Daga baya ta bayyana cewa kwana guda kafin sanarwar, ranar 18 ga wata, ma'aikatan fadar Firayim Ministan sun yi liyafar Kirsimeti a ofis. 'Yan sanda sun ci tara har sau 126 a kan tarukan da aka yi a gine-ginen gwamnati lokacin kullen, kuma badaƙalar na cikin abubuwan da suka raunana Johnson har ya sauka a 2022. Fushin jama'a bai tsaya a kan karya doka kawai ba. Abin da ya fi yi musu ciwo shi ne sun sadaukar da ganin iyayensu, wasu kuma ba su iya haƙura da shagalin ofis ba. A wancan lokacin kowa ya san abin da ya fi daraja, amma da annoba ta lafa sai muka koma cika kalanda da tsohon tsari.

Tarukan kiɗa da waƙa kuwa ba na yi musu kallon da nake yi wa liyafar ofis, domin babu mai tilasta wa kowa, kuma da yawansu sun samo asali ne daga buƙatar jama'a ta taruwa. Addu'a da waƙoƙin jajibirin Kirsimeti na Kwalejin King's da ke Kambirij an fara su ne a 1918, makonni kaɗan bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma BBC ta fara watsa su a 1928. Shahararren aikin nan na mai tsara kiɗa Handel, mai suna Messiah, wanda ƙungiyoyin mawaƙa ke rerawa ko'ina a watan Disamba, an fara gabatar da shi ne a birnin Dublin na ƙasar Ireland cikin Afrilun 1742, kuma kuɗin da aka tara an ba da su ga asibitoci da kuma fansar mutanen da aka ɗaure saboda bashi. A birnin Osaka na Japan, tun daga 1983, mutum dubu goma, akasarinsu ba mawaƙan sana'a ba, ke haɗuwa duk Disamba su rera ɓangaren ƙarshe na babban kiɗa na tara da mai tsara kiɗa Beethoven ya rubuta bayan watanni suna atisaye. Taron kiɗan sabuwar shekara na birnin Biyana da ke ƙasar Austria, wanda aka fara a ƙarshen 1939, ana kallonsa a ƙasashe sama da 90, kuma masu neman kujera sun yi yawa har sai an yi ƙuri'a.

Duk da haka, taron da ya fi taɓa ni a wannan hutu ba shi da suna. Na makarantar 'yar ƙanwata ne, a zauren da kujerunsa suka yi wa manya ƙanƙanta. Yaran sun shigo a layi, wani ya manta baitinsa, malamar kiɗa tana ɗaga hannu tana motsa baki don ta tuna masa. Mun je da kakar yarinyar, wadda ba ta cika fita ba saboda ciwon gwiwa, kuma tun daga farko har ƙarshe idonta na kan jikarta, ba ta ko kalli sauran ba. A nan na ga amfanin irin waɗannan taruka: wuri ne da za a iya kai tsoho da yaro a zaunar da su a kujera ɗaya, kuma za su sami abin hira na kwana da kwanaki. Taron kiɗa yana zama kishiyar zumunci ne kawai idan an je shi a madadin dangi, ko kuma tsadar tikiti ta sa an bar rabin gida a baya.

Ziyarar da ta sa na rubuta wannan maƙala ita ce ta gidan gwaggona, wadda shekaru suka ja kuma take zaune da mai taimaka mata kawai. Ina wurinta sai ga ɗan yayana ya shigo, sanye da kayan fita, makullin mota a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta riƙe hannunsa tana tambayar aiki da lafiyar matarsa, ta sa a kawo masa kujera. Ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan zauna ba. Wurin aikinmu ake taro, shugabanmu ya ce kowa ya hallara ƙarfe bakwai." Ta ce, "To ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ai aiki shi ne gaba." Bayan fitarsa ta umarci mai taimaka mata da ta mayar da abin da aka tanadar masa, sannan ta shiga ba ni labarin ƙuruciyarsa, yadda yake maƙale mata duk inda za ta, kamar tana biyan kanta hirar da ba ta samu ba. Yaron ba marar tarbiyya ba ne, ya ratso gari guda don ya gaishe ta. An dai sa shi zaɓi tsakanin wadda za ta yafe masa da wanda ba lallai ya yafe ba, ya zaɓi abin da kusan kowa zai zaɓa.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma binciken zamani bai saɓa wa wannan ba. Nazarin da Jami'ar Harvard ta fara a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufansu sannan ya ci gaba da 'ya'yansu, ya gano cewa ingancin dangantakar mutum da na kusa da shi yana cikin manyan abubuwan da ke nuna yadda lafiyarsa da kwanciyar hankalinsa za su kasance idan ya manyanta. Birtaniya ta naɗa ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗin da ya kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da ta shan taba sigari har kara 15 a rana. Gwamnati na iya buɗe ofis ta ware kuɗi, amma ba ta da ma'aikacin da zai maye gurbin jika a ɗakin kakarsa. Kiran waya da hoton bidiyo suna rage zafi, sai dai wanda ya je da ƙafarsa ne kaɗai zai lura cewa tsohuwa ta rame, ko maganinta ya ƙare, ko ta fara maimaita tambaya ɗaya sau da yawa.

Ba na cewa zaman dangi daɗi ne zalla. Akwai gidajen da haɗuwa ke tono tsohuwar gaba, akwai tambayoyin aure da haihuwa da albashi da ke sa matasa fargabar zuwa, akwai kuma mutanen da nisantar wasu dangin shi ne kariyarsu, kuma ba ni da ta cewa a kansu. Sannan akwai batun wanda ke ɗaukar wahalar. Masaniyar halayyar al'umma Micaela di Leonardo ta rubuta a 1987, bisa binciken da ta yi a tsakanin iyalai 'yan asalin Italiya a jihar Kalifoniya, cewa riƙe zumunci aiki ne na musamman, wato tuna ranaku da aika saƙo da sayen kyauta da shirya taro da sasanta masu faɗa, kuma mata ne ke yin kusan dukkansa. Abin da na gani a wannan hutu bai bambanta ba. A gidajen da na shiga, maza na falo suna hira, matan kuwa ba su zauna ba sai da aka kwashe kwanuka, kuma yawancinsu ma'aikata ne da su ma hutun nasu ne. Duk namijin da ke kiran a farfaɗo da zumunci, ya kamata ya fara da tashi ya kama aiki, ya kuma ɗauki nauyin kiran danginsa da kansa maimakon barin wa matarsa.

Akwai kuma waɗanda hutun bai san da su ba: ma'aikatan jinya, direbobi, masu gadi, 'yan kwana-kwana, masu jiran kanti, da masu hidima a zaurukan da muke cin liyafa. Kwanakin da wasu ke hutawa su ne mafi nauyi a shekararsu. Matashin da ya kwashe faranti a teburinmu ya ce mini tun farkon wata bai kwana da wuri ba, kuma mahaifiyarsa sai tsakiyar Janairu za ta gan shi. Ga irinsu, abin da shugaban kirki zai yi ya wuce shirya biki. Ya fitar da jadawalin aikin Disamba da wuri domin mutum ya san ranar da zai yi tafiya ya sayi tikiti kafin ya yi tsada, ya juya aikin ranakun biki ta yadda wanda ya yi bana ba zai yi baɗi ba, ya bar mabiya addinai daban-daban su yi musayar ranaku a tsakaninsu, sannan wanda ya yi aiki a ranar hutu a biya shi da wata ranar da zai zaɓa da kansa. Kuɗin hayar zaure da makaɗa na dare ɗaya, a ma'aikatu da yawa, zai isa a ɗauki ma'aikatan wucin gadi da za su riƙe wurin har kowa ya je ya ga iyayensa ya dawo.